Igiyar da Na Gitta wa Inna

Shekarar da korona ta zo, babu wanda ya kai ni baki a duk layin shagunanmu na Tambuwal. Ni tela ne, tela kuwa bakinsa ba ya hutawa sai in ya danne allura da leɓe. Rediyona na rataye a ƙusa saman keken ɗinki, duk abin da ya faɗa da safe, kafin azahar na maimaita shi sau goma har da ƙarin gishiri. An rufe makarantu, na ce daidai. An hana ƙetarawa daga wata jiha zuwa wata, na ce an ma makara. Da aka ce a sa takunkumi, sai na zazzage buhun ƙyallayen da suka shekara a lungu, na sayo roba, na hau keke. Kafin la'asar an wawashe na farko. Wallahi ban taɓa jin ƙafata da sauri kamar wannan lokacin ba.

Abokin gardamata mahauci ne, rumfarsa na kallon shagona, hanya kawai ta raba mu. Yana yankan nama yana jefo magana, ina taka keke ina mayar masa. Takan kai har masu wucewa su tsaya, su raba kansu gida biyu.

"Tela," yakan ce, "nuna min kabari guda. Guda ɗai. Cutar da sai an gaya ma kana da ita sannan ka sani, cuta ta ko labari? An rufe kasuwa, an bar talaka da yunwa. Ita yunwa ba sai an yi mata gwaji ba."

Maganar yunwar nan takan tsaya min a wuya, don gaskiya ce, na ga masu tallan da suka koma gida da kayansu. Amma ba na bari ya gane. Sai in ce masa rigakafi ya fi magani, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Shi kuma ya yi dariya ya ce ai dole in so doka, tunda ta buɗe min kasuwa.

Akwai wani tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya, kullum yana kan bencin shagona. Shi ba ya ɗaga murya. In mun gaji sai ya ce, doka tana aiki in an bi ta, amma rumbun da aka toshe ɓaraka fuɗu aka bar ta biyar, ɓera bai san an yi aiki ba. Ni da mahauci kowa sai ya ce maganar tasa ta goyi bayansa.

Abin da ban taɓa gaya wa mahauci ba shi ne, ba kuɗin takunkumi ke sa ni haƙiƙicewa ba. Inna ce. Mahaifiyarmu tana gidanmu na Kebbe, ta tsufa, kuma tana da ciwon ƙirji tun muna yara. Hayaƙin murhu kaɗai in ya turnuƙe, sai ta dafa bango tana neman numfashi. Duk sanda rediyo ya ce cutar ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon ƙirji, fuskarta nake gani. Tsoro nake ji, tsoron ne yake fitowa a matsayin faɗa.

Bayan ƙaramar Sallah, ruwan farko ya sauka, ina cikin yanka wata shadda wayata ta yi ƙara. Yaya ne, babban wanmu. Sana'arsa rakiyar shanu zuwa Ikko, kuma can dokar kulle ta rutsa da shi, wata biyu ba hanyar dawowa. Muryarsa cike da murna ya ce ya samu tirelar da ta sauke shanu za ta komo wayam, sun cika bayanta su wajen talatin, gobe da hantsi zai sauka Tambuwal. Na ajiye almakashi na yi tsalle, na leƙa waje na gaya wa duk layin cewa Yaya na hanya. Ban gama murnar ba lissafin ya faɗo min. Mutum talatin, kwana biyu, kafaɗa da kafaɗa, daga garin da rediyo ya ce cutar ta fi yawa. Kuma daga nan sai gidan da Inna take.

Washegari tun da sassafe ina bakin titi da babur ɗina. Mahauci ya biyo ni, wai zai taya ni tarbar baƙo, alhali kallo ya zo yi. Tirelar ta tsaya, Yaya ya diro, ya rame, ya yi baƙi, rigarsa duk kashin shanu. Ya hango ni ya washe baki, ya taho da hannu biyu a miƙe. Shekara goma sha biyu ya ba ni. Shi ya koya min hawan keke, shi ya saya min keken ɗinkin da nake ci da shi. Na mayar da hannuwana baya na ja da baya taku uku.

"Yaya, sannu da hanya. Don Allah tsaya daga nan."

Ya tsaya, hannunsa na rataye a iska. "Auta, hannuna ka ƙi?"

"Ban ƙi ba, Yaya. Ajiye ma nawa na yi, kwana goma sha fuɗu."

Mahauci ya wuce ni ya kama hannun Yaya da hannu biyu, ya girgiza, ya sake girgizawa, yana kallona. Da da abin jifa a kusa da na jefe shi. Na daure na yi wa Yaya bayani. Na ce ba gida za shi ba, bukkar gonarmu za shi, ya zauna shi kaɗai har kwanakin su cika, za a riƙa kai masa abinci.

"Ni za ka kai daji kamar akuya mai ƙazuwa?"

"Don Inna ne."

Can ya ce, "Ni da Inna mi ya haɗa mu? Yaushe rabon da ta zauna inda nike?"

Gaskiya ya faɗa. Yaya ɗan fari ne, a gidanmu kuwa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Inna ba ta kiran sunansa, ko wani mai irin sunan ya shigo sai ta laƙaba masa wani. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. In ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. In tana da saƙo gare shi, ni take ba, ko da yana tsaye a wurin. Ta ce, ka gaya wa wancan kaza. Ni auta kuwa har na yi gemu ina kwanciya a gefen gadonta.

Na ce masa, matarsa ke dafa wa Inna, 'ya'yansa a tabarmarta suke yini, abin da ya shiga ɗakinsa ya shiga nata. Da ya ji haka ya ce, to mu je. Sai wata matsalar ta taso, don in na goya shi, bakinsa na bayan kunnena har Kebbe. Na jingine babur na matsa, na ce ya hau ya tuƙa kansa. Ni na tari ɗan kabu-kabu na bi shi a baya. Haka muka bi hanyar nan mai ramuka, ruwan jiya ya cika su, shi yana gaba da babur ɗina yana fantsama taɓo, ni ina baya ina ihu ya bi ta bayan gari kada ya ratsa kasuwa.

Na sauke shi a bukka, na kawo tabarma da buta da randa ƙarama. Daga nan na wuce wurin Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarmu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Yaya ya dawo, na killace shi a gona, kada kowa ya je. Baffa ya ja carbi ya ce, to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Na shiga na gaya wa Inna. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko wancan ya ci abinci.

Na koma Tambuwal ƙirjina a buɗe. Kwana biyu ina cika baki a layi, ina cewa ku zo ku koyi yadda ake bin doka, ni na killace yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Tsohon malamin asibiti ya ce na yi daidai, ya kuma tambaye ni wa na bari yana tsaron wurin. Na ce ai na gaya wa Baffa. Ya ce, hmm.

Rana ta uku na ɗauki sabulu da takunkumi guda biyar na nufi gona. Tun daga nesa na fara ganin abin da ban gane ba. Babura a jere ƙarƙashin tsamiya. Jakuna biyu. Tabarmi a shimfiɗe har cikin kunyoyin da ba a shuka ba. Mata na fitowa da kwanoni, wasu na shiga. Har wata mai ƙuli-ƙuli ta kafa farantinta. A tsakiya ga Yaya bisa buzu, ya yi wanka ya sa farar riga, yana ba da labarin Ikko, ƙwaryar fura na zagayawa da ludayi guda. Duk wanda ya iso sai ya tuɓe takalmi, ya kama hannunsa, ya ce ya jiki.

Na shiga uku. Ban san sanda na yar da babur ba. Na shiga tsakiyarsu ina faɗa, ina cewa wa ya aiko ku, me kuka zo yi, ba a ce kada kowa ya zo ba? Jama'a suka bi ni da kallo kamar na taɓu. Baffa na zaune a gefe, ya ɗaga hannu.

"Auta, zamna. Mutum ba a aje shi daji shi ɗai sai ɗayan biyu, ko ciwo ko abin kunya. Kai ka hau babur ka tafi Tambuwal, ka bar ni da bakin mutane. Sunka tare ni bayan la'asar, mi yaro ya yi can Ikko da anka hana mai shiga gida? Sata ya yi? To wanne kaka so in ce? Sai na ce a sa shi addu'a, ba ya jin daɗi. Marar lafiya kau dubiya hakkinai ta. Zumunta a ƙafa take."

Da na bar Yaya ya shiga gida, da 'yan unguwa ne za su zo sannu da zuwa, yini ɗaya a gama. Yanzu da na kai shi daji, an ji har Fakku, dangin matarsa sun taso takanas. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma ni na haifar da abin, ni da na girma a garin nan, na san ko ciwon haƙori mutum ya yi sai an cika masa zaure.

Tambaya ɗaya na yi, ko Inna ta zo. Matar Yaya ta ce a'a, Inna ta zo wurin ɗan fari a gaban jama'a? Na ji sanyi a raina. Na gargaɗe ta ita ma ta daina shiga bukkar, ta kuma bar wa wata 'yar'uwarmu girkin Inna.

Ban koma Tambuwal ba. Na je garke na kwanto doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa, na sari turaku, na auna taku goma daga bakin bukka na kewaye ta. Na ce duk mai son dubiya ga iyakarsa, ya tsaya nan ya ɗaga murya. Na ware wa Yaya kwanonsa da ludayinsa, na samo doguwar gora da ake tura masa abinci. Mutane suka yi ta dariya, amma abin mamaki, ba wanda ya tsallaka. Bakin mutum ana iya musa masa, igiya kuwa manomi ya san iyaka ce.

Sai majalisa ta dawo bakin igiya. Gardamar da na baro a Tambuwal ta biyo ni har gona, kuma ta fi ta can daɗi, don a nan ga abin gardamar zaune yana sauraro, wani lokaci ma ya sa baki. Wani ya ce iska na tsallake igiya ko ba ta tsallakewa? Na ce tana tsallakewa, amma kafin ta iso ta gaji. Wani ya ce gwamnati ta rufe hanya, ga shi mutum talatin sun ratso ƙasar nan tun daga bakin teku, ina amfanin rufewar? Na ce da ba a rufe ba da dubu ne za su zo. Ya ce ka ƙirga su? Yaya daga cikin da'irarsa ya ce shi dai abin da ya gani, a kowane shinge direba kan sauka ya gaisa da masu tsaro, sai a ɗage itace. Aka kwashe da dariya, har ni. Kwanakin nan, duk da fargaba, na ji daɗinsu. Muna shuka da safe, shi a kunyoyin cikin igiya, ni a na waje, da yamma a yi ta musu har a kira magariba.

Rana ta bakwai Yaya bai fito shuka ba. Na kira shi, ya amsa da wata murya da ba tasa ba. Zazzaɓi, ciwon kai, tari busasshe. Da rana na tura masa tuwo da miyar kuka da ta sha daddawa da man shanu, ya ce an manta ba a sa komai a miyar ba, ba ƙamshi ba ɗanɗano. Na tuna na ji a rediyo cewa rashin jin ƙamshi alamar cutar ce. Na kira tsohon malamin asibiti, ya ce in nemo ma'aikacin lafiya, in kuma lura da numfashinsa. Ma'aikacin ya zo da safar hannu, ya duba shi, ya ba da maganin zazzaɓi. Ya ce damina ce, yana iya zama na sauro, yana iya zama korona, gwajin sai birni. In numfashi ya fara gagara a kira shi ko wane lokaci.

Labari ya bazu, majalisa ta watse. Waɗanda suka fi cewa ƙarya ce su suka fi nisa, daga kan hanya suke ɗaga hannu. Baffa ne bai daina zuwa ba. Baffa yana da zanen cutar agana a fuska tun yarinta. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bukkar, sannan ya ce shi ma an taɓa aje shi a irin wagga bukka, da sanda aka riƙa tura mai fura, kuma a gidansu shi ɗai ya yi ta. Daga ranar ya karɓi tsaron igiya daga hannuna, ya sanar a masallaci cewa duk wanda ya sha fura da ludayin nan ya nisanci tsofaffin gidansu. Abin da na yi sati ina ihu a kai, shi da magana ɗaya ya gama.

Rana ta tara da hantsi, tari ya tsananta, ina zaune bakin igiya ina ƙirga numfashin Yaya daga nesa, sai na hango mutum na tahowa ta cikin gona, a hankali, da sanda. Ta yi taku kaɗan ta tsaya, ta yi kaɗan ta tsaya. Inna ce. Rabonta da gonar nan ya fi shekara biyar. Na ruga na tare ta, ƙirjinta na kuka kamar ana jan zarto. Ba ta kula ni ba, ta wuce har bakin igiya.

"Ɗaga wagga igiya, Auta."

"Inna, ba zan ɗaga ba."

Ban taɓa ce mata a'a ba a rayuwata. Ta juyo ta dube ni.

"Kai kwana goma sha fuɗu kaka ƙirga, har ka gaji. Ni shekara arba'in da bakwai ina kallonai daga nesa. Kana tsammani don ba ni so na? Ranar da anka ɗauke shi daga bayana, nonona bai ƙafe ba. Ya yi ƙyanda ban riƙe shi ba, ya faɗo daga kan jaki ban riƙe shi ba, don kada a ce ba ni da kunya. Na ce akwai lokaci. In ya tafi yau, da wane hannu za ni ce na haife shi? Ɗaga min in taɓa goshinai, sau guda."

Ban taɓa sanin haka abin yake a ranta ba. Ni da nake kwana a gefen gadonta, na ɗauka kunyar nan ba ta da nauyi, al'ada ce kawai kamar ɗaurin kallabi. Hawaye suka zubo min. Na durƙusa a gabanta na riƙe igiyar da hannu biyu. Na san in na ɗaga, mai yiwuwa in rasa su duka biyu. Na kuma san in ban ɗaga ba, Yaya ya cika, Inna ba za ta ƙara kallona da idon da ta saba ba, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. Duk gardamar da na yi da mahauci, ban taɓa zaton nan za ta kawo ni ba.

Sai muka ji motsi. Yaya ya rarrafo bakin bukka ya jingina da turke. Ya ji komai. Bai dube ta ba, ni ya duba, kamar yadda aka saba.

"Auta, ka ce mata ta yi haƙuri. Ka ce mata ba inda za ni. Ka ce in ta shigo, ciwona biyu za ya zama."

Na juya na maimaita mata, kalma bayan kalma, duk da ta ji da kunnenta. Sannan ta ce, "Ka ce ma wancan ya sha ruwa da yawa." Na juya na gaya masa.

Na yi mata alkawari, ranar da ya fito, ni da kaina zan kawo kansa ƙarƙashin hannunta. Ta koma gindin tsamiya ta zauna. Na ciro takunkumin da na ɗinka da ragowar zanenta na Sallah, ta karɓa ta ɗaura ba musu. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai na ɗauko ta a babur, a hankali kamar na ɗauko ƙwai, ta yini a gindin tsamiya tana jan carbi, ta ba bukkar gefe, tana satar kallo.

Kwana uku muna haka. Rana ta goma sha biyu zazzaɓin ya sauka. Ta goma sha biyar, matarsa na soya albasa da man shanu can nesa a bakin gona, sai muka ji Yaya daga bukka yana cewa, wa ke suya ne haka, za ku kashe ni da yunwa? Na yi wurgi da fartanya. Na yi ta tsalle a cikin gero kamar yaro, ina kiran Baffa a waya, ina kiran malamin asibiti, har mahauci na kira, na ce ya ji ƙamshi, ya ji ƙamshi! Mahauci ya ce to sai me, hanci ba don haka aka yi shi ba? Inna na gindin tsamiya, na ga kafaɗunta na rawa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malamin asibiti ya ce a ƙara masa kwanaki bayan warkewa, muka ƙara, Yaya na ta mita. Ranar fita na kwance igiyar da hannuna, na naɗe ta, sannan na miƙa masa hannun da na ajiye masa. Ya kama ya matse har sai da ƙashina ya yi ƙara, ya ce wannan na bakin titi ne. Aka rako shi gida da babura da jakuna, yara na gudu a gaba, mata na guɗa. Mahauci ya rufe rumfa ya zo daga Tambuwal da cinyar rago. Tun a hanya aka dasa gardama. Mahauci ya ce zazzaɓin damina ne, an wahalar da bawan Allah a banza, ga shi shi da ya gaisa da shi ko atishawa bai yi ba. Na ce mutum uku cikin masu ludayin nan sun kwanta, ya ce kowace damina ana kwanciya. Baffa ya ce addu'ar masu dubiya ce ta tashe shi. Ni na ce igiya ce ta tsare Inna. Ba a yi gwaji ba, don haka har yau ba wanda ya ci wani, kuma har yau in aka rasa abin musu a layinmu, wannan ake tonowa.

Muka shiga gida. Inna na zaune bakin gadonta, ƙofa a buɗe. Yaya ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, inda ya saba, ya cire hula ya gaishe ta. Ni ina tsaye ina jira, dangi sun cika tsakar gida. Sai Inna ta juya fuska ga bango ta ce, an dawo lafiya? Shi ke nan. Raina ya ɓaci. Duk kukan nan, duk yinin gindin tsamiya, a ƙare a bango? Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni.

"Auta, ka ce ma wancan ya matso. Ciyawar bukka ta maƙale mai a kai, ya shigo cikin mutane haka."

Na gaya masa. Ya matso da gwiwoyinsa har gabanta, ya sunkuyar da kai. Ta ɗora hannu tana tsince-tsince, daga goshi zuwa ƙeya, ta dawo, ta sake komawa, sannan hannun ya tsaya cak a tsakiyar kansa, ya daɗe. Yaya, mai 'ya'ya shida da furfura a gemu, na ga hawayensa na ɗiga a kan tabarma.

Ni tela ne, idona na ganin baƙin zare a kan baƙin yadi. Ina tsaye a kansu, na duba da kyau. Da safen nan aka yi masa aski, ko tsinke babu a kansa.